Ƙasar Musulmi da ta shayar da Faransa: tarihin giyar inabi a Aljeriya

Ƴan'uwa ɗalibai, in aka tambaye mu abin da ke zo mana daga Aljeriya, amsar ba wuya: dabino, taliya, madarar gari, kayan da manyan motoci ke shigowa da su ta Asamaka har kasuwannin Agadas da Tawa. Ba wanda zai ce giya. Amma a 1960, shekarar da Nijar ta samu ƴancin kai, babu ƙasar da ta kai Aljeriya fitar da giyar inabi a duk duniya. Wajen yawan abin da ake matsewa ita ce ta huɗu, bayan Faransa da Italiya da Sipaniya. Kusan rabin kuɗin da ƙasar ke samu daga kayan da take sayarwa waje na giya ne. Alhali kuwa mutum tara cikin goma na mazaunanta Musulmi ne, waɗanda addininsu ya haramta musu abin. To ƙaƙa aka yi haka ta faru, kuma ina wannan dukiya ta tafi?

Bari mu fara daidaita kalmomi. A Hausa “giya” ta haɗa komi, burkutun dawa giya ne, bammi giya ne. Wadda ake magana a nan ita ce ta ruwan ƴaƴan inabi, abin da Faransawa ke ce ma vin. Ita kanta kalmar “inabi” aro ce daga Larabci, haka ma “zabibi”, wato busasshen inabi, alamar cewa ta hanyar karatu da fatauci muka san ɗan itacen. Ma'aunin da masu wannan sana'a ke aiki da shi kuwa hektolita ne: lita 100, rabin tano ke nan. Hukuncin giya a Musulunci kowa ya san shi, ba shi za mu tattauna ba. Zancenmu na gona ne: wa ke da ita, wa ya zaɓi abin da za a shuka, wa ke saye.

Kafin ƙwaro ya sauya lissafi

Itacen inabi ba baƙo ba ne a arewacin Afirka. Tun zamanin Rumawa ana shuka shi ana matsewa. Bayan Musulunci ya kafu, mutane suka ci gaba da shuka shi cikin lambuna don ci ɗanye da shanya zabibi. Lokacin da sojan Faransa suka ci birnin Alje a watan Yuli na 1830, duk gonakin inabin ƙasar kimanin hekta 2,000 ne.

Cin ƙasar bai zo musu da sauƙi ba. Amir Abdulƙadir, wanda ya kafa mulkinsa a garin Maskara, ya riƙe su da yaƙi daga 1832 har 1847. Ku riƙe sunan garin nan, zai dawo. A 1843 gwamnatin mallaka ta ba wasu limaman Kirista na ɗariƙar La Trappe fiye da hekta 1,000 a Sitaweli, yamma da Alje, wurin da aka gwabza yaƙi a 1830. Suna cikin na farko da suka dasa inabi da yawa don giya.

Duk da haka, shekara arba'in da wani abu bayan cin ƙasar, inabi bai zama wani abin a-zo-a-gani ba. Turawa ƴan kama-wuri-zauna, waɗanda ake kira colons, alkama suka fi sa ma gaba, wasu suka gwada taba da auduga. Dalili biyu ne. Na farko, Faransa ba ta da buƙata, ita ce ma ke aiko ma Turawan Aljeriya da giyar da suke sha. Na biyu, zafi. Ruwan inabi yana zama giya ne in wasu ƙananan ƙwayoyin halitta, irin waɗanda ke kumbura burodi, suka cinye sukarin da ke ciki suka mai da shi barasa. Aikin da kansa yana ta da zafi. A Aljeriya kuwa ana tsinkar inabi cikin Agusta da Satumba, lokacin da rana ke dukan ƙasa. In zafin cikin ma'ajin ya doshi digiri 40, sai ƙwayoyin su mutu, tsimin ya tsaya a rabi, abin ya yi tsami ya lalace.

Filoksera

Wajen 1863 manoman kudancin Faransa suka ga itatuwan inabinsu suna bushewa ba su san dalili ba. Sai a 1868 wani masanin tsirrai na birnin Mompeliye, Jules-Émile Planchon, da abokan aikinsa suka tono saiwa suka ga mai laifin: wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin darɓa, wanda ya biyo dashen da aka kawo daga Amurka. Filoksera ake ce masa. Yana tsotsar saiwa har itace ya mutu. A 1875 Faransa ta matse fiye da hektolita miliyon 80. A 1889 abin da ta samu bai kai miliyon 25 ba. Ku auna fa, ƙasar da lebura da manomi da soja ba su cin abinci sai da giya a gefe.

Nan ne idon kowa ya koma ƙetaren teku. Manoman da suka talauce a kudancin Faransa suka haye zuwa Aljeriya da iyawarsu. Bankin Aljeriya ya buɗe musu bakin aljihu, ana ba da bashi a dasa inabi, gona ce jingina. Sannan ga doka: tun 1848 an yanka arewacin Aljeriya lardi uku, Alje da Oran da Kwanstantin, ana lissafa su cikin Faransa. Don haka giyar Aljeriya tana shiga ba kuɗin duwan, ita kuwa ta Italiya da ta Sipaniya aka ƙara musu haraji, musamman bayan dokar duwan ta 1892. Matsalar zafi ma aka samo mata dabara a shekarun 1890: ana bi da ruwan inabin ta cikin bututu da ruwan sanyi ke zuba a kai, a rage masa zafi, a mai da shi ma'aji ya ƙarasa tsima.

Ƙwaron bai bar Aljeriya ba, an gan shi wajen Tilimsan a 1885. Amma kafin ya yi nisa an riga an san magani: a yi ma inabin aure, irin yadda ake yi ma mangwaro, saiwa ta ɗan Amurka mai jure ƙwaron, reshe na ɗan Turai. Sai dai tumɓuke gona a sake dashe kuɗi ne. Ƙananan Turawa da bashi ya ci suka sayar, manya suka haɗiye. Gonar limaman nan ta Sitaweli, iyalin Borgeaud suka saye ta a 1904, kuma daga baya ɗansu Henri Borgeaud ya zama sanata, ɗaya daga cikin attajiran da suka fi ƙarfin faɗa-a-ji a Aljeriyar mallaka.

Ga lissafin a taƙaice. Wajen 1880 gonakin inabi kimanin hekta 20,000 ne. A 1900 sun kai kimanin 150,000, ana matse hektolita wajen miliyon 5. A tsakiyar shekarun 1930 sun doshi hekta 400,000, kuma a 1934 abin da aka matse ya haura hektolita miliyon 20, wato fiye da lita miliyar 2 a shekara guda. Mafi yawa a yamma ne, lardin Oran: Ain Temushent, Mustaganim, Sidi Bel Abbas, Maskara. Sai kuma fadamar Mitija a bayan Alje.

A gonar wa aka dasa?

Hekta 400,000 ba daga sama ta faɗo ba. Kafin zuwan Turawa, yawancin ƙasar noma da ta kiwo ta zuri'a ce ko ta kabila, kamar gandu a wajenmu, mutum ɗaya ba ya iya sayarwa. Dokar 1863 ta shata ma kabilu iyaka ta rarraba ƙasarsu. A 1871 aka yi babban tawaye ƙarƙashin Shehu Mukrani, da aka murƙushe shi aka ƙwace fiye da hekta 400,000 a matsayin horo, ban da tara mai nauyi. Sai dokar Warnier ta 1873, wadda ta sa ƙasa ƙarƙashin shari'ar Faransa, ta ba kowane magaji damar neman a raba. Kun ga dabarar: Bature ya sayi rabon mutum ɗaya cikin gida, ya kai ƙara a raba gandun, kuɗin shari'a ya fi ƙarfin sauran, a yi gwanjo, shi ya saye duka.

Akwai wata kalma a Larabcin Magrib da ta bayyana matsayin da talaka ke ciki: khammes, mai noma gonar wani a ba shi kashi ɗaya cikin biyar na amfanin. Saiwarta ɗaya da “humusi” da “hamsin” da “Alhamis” namu, duka daga khamsa, biyar. Da inabi ya mamaye ƙasa mai kyau, da yawa ko wannan humusin suka rasa, suka koma leburorin yini. Aikin datse rassa, wanda ya fi kuɗi, an daɗe ana ba Turawan Sipaniya. Noma da tsinka da ɗaukar kwando na ƴan ƙasa ne da ƴan ci-rani daga duwatsun Rif na Maroko. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A kansu kuma ga dokar indijena ta 1881, wadda ta ba jami'in mallaka ikon ɗaure mutum ko cin sa tara ba tare da alƙali ba. Irinta ce kakanninmu suka sha a nan har 1946.

Sai dai a faɗi gaskiya duka. Hekta guda ta inabi tana cin kwanakin aiki ninkin-ba-ninkin na hektar alkama. Don haka dubban gidaje a yammacin ƙasar da kuɗin leburancin inabi suke sayen gari. Jama'a na ƙaruwa, hatsin da ake nomawa bai ƙaru daidai da su ba, garken tumaki an tura su ƙasa maras ruwa. Mutum ya rasa gonarsa saboda inabi, kuma in babu inabin ba ya cin tuwon dare. Wannan tarko ne zai kama shugabannin ƙasar bayan 1962.

Giya likita

Mi Faransa ke yi da wannan kogin giya? Bayan filoksera, manoman kudancin Faransa sun dasa irin da ke zuba ƴaƴa da yawa, amma giyarsa salam take, ba launi, ƙarfinta kashi 7 ko 8 cikin 100. Ta Aljeriya kuwa rana ta cika ta da sukari, ga duhu, ƙarfinta 12 zuwa 14. Sai ƴan kasuwa su gauraya biyun. Har suna suka ba ta, vin médecin, giya likita, mai warkar da raunanniya. Daga tashoshin Oran da Mustaganim da Alje ake lodi zuwa Set da Marsai da Ruwan, da farko cikin tanoni, daga shekarun 1930 cikin jiragen ruwa masu tanki. A rumbunan unguwar Bersi ta birnin Pari ake haɗin. Leburan Faransa ya yi shekaru yana shan giyar Aljeriya, sunan ƙasar bai taɓa fitowa a kwalbarsa ba. Kaɗan ne aka sayar da sunansu, kuma cikin waɗanda suka fi suna har da Coteaux de Mascara. Garin Amir Abdulƙadir ya koma tambarin kwalba.

Da gonakin Faransa suka farfaɗo, sai kaya ya yi yawa. Ga ta gida, ga ta Aljeriya, ga ta algus da ake haɗawa da sukari da ruwa. Farashi ya faɗi warwas. A 1907 manoman kudu suka tashi, wani manomi mai ɗan gidan shan kofi, Marcelin Albert, na gaba. Ranar 9 ga Yuni fiye da mutum rabin miliyon suka cika Mompeliye. Gwamnatin Clemenceau ta tura soja, aka buɗe wuta a Narbon mutane suka mutu, wasu sojoji ƴan yankin suka yi bore suka koma bayan manoma a Beziye. Aka yi dokar hana algus, amma ba a taɓa giyar Aljeriya ba, tunda a takarda ita ma Faransa ce. Yaƙin 1914 ya ɗan sassauta rigimar, don kowane soja yana da rabonsa na giya kullum, kuma Aljeriya na cikin masu cika tankin.

Rigimar ta dawo a shekarun 1930. Dokar 4 ga Yuli 1931 ta hana mai gonar da ta wuce hekta 10 sabon dashe, ta sa haraji kan gonaki masu zuba da yawa. Ba a ambaci Aljeriya da suna ba, amma kowa ya san inda manyan gonaki suke. Tun ana muhawarar dokar colons suka yi ta dashe ba ji ba gani, shi ya sa gonakin suka kusan ninkawa cikin ƴan shekaru. A 1935 kuma aka kafa tsarin da ya ɗaure sunan giya da yankin da aka noma ta, wanda Faransa ke alfahari da shi har yau. Tsoron gauraye da giyar waje na cikin abin da ya haife shi.

Bayan 1962

Yaƙin neman ƴanci ya fara ranar 1 ga Nuwamba 1954, ya ƙare da yarjejeniyar Ebiyan a Maris 1962. Cikin ƴan watanni Turawa kusan miliyon guda suka bar ƙasar, har da masu gonaki da masanan tsimi da dillalai. Leburori suka riƙe gonakin da kansu don kada girbi ya lalace, kuma gwamnatin Ahmad Ben Bella ta halatta wannan da dokokin Maris 1963, sannan ta ƙwace sauran gonakin Turawa a Oktoba. Gonar Borgeaud ta koma ta gwamnati, aka sa mata sunan Bushawi.

To ga ƴanci, ga fiye da hekta 300,000 na abin da ƴan ƙasa ba su sha, mai saye kuma ɗaya ne tak. Faransa ta yi alkawari a 1964 za ta ci gaba da saye, amma manoman kudu suka matsa ma gwamnatinsu, ba a je ko'ina ba ta rage. Giya ta cika rumbuna a Oran ba inda za a kai. A 1968 gwamnatin Huwari Bumadiyan ta kafa ofishin sayar da giya na ƙasa, ta kuma ƙulla ciniki da Tarayyar Sobiyet, hektolita miliyon 5 a shekara, amma a farashi ƙasa sosai da na Faransa. A 1970 kasuwar tarayyar Turai ta hana gauraya giyarta da ta waje, likita ya rasa majinyaci ke nan. Ranar 24 ga Fabrairu 1971 Bumadiyan ya karɓe kashi 51 cikin 100 na kamfanonin man fetur na Faransa, dangantaka ta ƙara tsami, giya ta zama sandar duka. Amsar da ya bayar ita ce a tumɓuke inabi.

Aka tumɓuke dubban hektoci aka shuka hatsi da ciyawar dabbobi. A siyasa abin ya yi daɗin ji. A ƙasa kuwa, tudun da inabi ke jure ma fari ba lalle alkama ta yi kyau a kansa ba, kuma hatsi ba ya ɗaukar leburori kamar inabi. Mutane suka kwarara birane, wasu suka bi jirgi zuwa masana'antun Faransa. Fetur da gas ne suka rufe ramin da giya ta bari a baitulmali. Yau abin da Aljeriya ke matsewa a shekara bai kai ko hektolita miliyon guda ba, yawancin inabin da ake nomawa na ci ne. Su kuwa colons, wasunsu tsibirin Korsika aka ba ƙasa da bashi suka sake dasa inabi, har ƴan tsibirin suka fusata. A Agusta 1975 wasu ƴan kishin Korsika suka mamaye rumbun giyar ɗaya daga cikinsu a Aleriya, jandarma biyu suka mutu. Rigimar gona ta bi su har can.

Abin da ya shafe mu

Wanda ya tashi a Maraɗi ko Damagaram ya san wannan labari da wani suna: gyaɗa, ko gujiya yadda wasunmu ke cewa. Bambanci akwai shi, kuma babba ne. A nan ba a kawo Turawa sun zauna sun ƙwace gonaki ba, haraji ne ya tura manomi shuka abin sayarwa, kuma gyaɗa halal ce, muna cin ƙuli-ƙuli muna miya da manta. Amma ginin ɗaya ne. A shekarun 1960 gyaɗa ce kan gaba cikin abin da Nijar ke fitarwa, an kafa SONARA a 1962 don cinikinta, kuma Faransa na saye a farashin da ya fi na kasuwar duniya. Wajen 1967, daidai lokacin da giya ke cika rumbunan Oran, dokokin kasuwar Turai suka kawo ƙarshen wannan farashi. Sai fari na 1973, sai cutar kuturtar gyaɗa da darɓa ta yaɗa a 1975. Yadda fetur ya rufe ma Aljeriya asiri, haka uraniyom na Arlit, da aka fara haƙa a 1971, ya rufe ma gwamnati a Yamai. Manomin da ya saba da kuɗin gyaɗa kuwa ba wanda ya rufe masa.

Da yawanmu za mu gama jami'a mu shiga ofisoshi da ƙungiyoyin da ke kawo ma ƙauye “sabon iri mai kasuwa a waje”. Ba laifi ba ne manomi ya shuka abin sayarwa, albasar Galmi ta gina gidaje da yawa, kuma ko Gana da Kodibuwa sun rufe ƙofa muna iya zuba ta a miya. Amma duk ran da aka ajiye mana irin wannan takarda mu sa hannu, ya kamata mu tambaya da sunan wa gonar za ta kasance bayan an ci bashi, masu saye nawa ne, kuma in sun fasa, mutanen garin za su iya cin abin da suka noma? Aljeriya ta yi shekara 80 tana noma ma kasuwar da ba tata ba, kuma Hausawa sun daɗe da cewa zanen aro ba ya rufe katara.